Jirgin da ya shekara a cikin ƙanƙara

 

A wannan makon tafiya za mu yi mai nisa, zuwa inda ba a noma, ba a dasa itace, inda rana kan faɗi ta yi wata da watanni ba ta fito ba. Za mu ba ku labarin wani jirgin ruwa da aka kai tsakiyar ƙanƙara da gangan, aka ɗaure shi, aka bar ƙanƙarar ta yi ta tafiya da shi. Mun san wani zai ce, mu da ko ƙanƙarar sha sai mun saya a wajen mai firiza, ina ruwanmu da wannan? Ku biyo mu a hankali. Amsar tana gaba, kuma ta shafi hatsin da ke cikin rumbunmu.

Ina ne wannan wuri?

Ku ari ƙwallon taswirar duniya a wajen malamin labarin ƙasa, ku ɗora yatsa a kan Kano. Kano tana kan layi na 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ku yi ta jan yatsa sama, ku wuce Agadas, ku ƙetare Sahara da Bahar Rum, ku wuce Turai, har ku kai inda layukan suka haɗu a wuri ɗaya, wato layi na 90. Nan ce Ƙuryar Arewa ta duniya. Babu ƙasa a wurin. Teku ne mai zurfin kusan mita 4,000, ana kiransa Tekun Aktik, kuma samansa a daskare yake. Ƙuryar Kudu kuwa akasin haka take, domin Antaktika nahiya ce da ƙanƙara ta lulluɓe, teku ya kewaye ta.

Ruwan sha yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas. Ruwan teku, saboda gishirin da ke cikinsa, sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Ƙanƙarar da ke saman Tekun Aktik tana faɗaɗa a lokacin sanyi, ta tsuke a lokacin zafi, kuma a watan Satumba ne take kai wa mafi ƙanƙantarta. Ba a tsaye take ba. Iska da igiyar ruwa suna tura ta kullum.

Dabarar da aka gada

Wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Fridtjof Nansen ne ya fara gwada wannan dabara. A 1881 ƙanƙara ta murƙushe wani jirgin Amurka mai suna Jeannette a arewacin Sibiriya. Bayan shekara uku aka tsinci wasu kayan jirgin a gaɓar Girinlan, can ɗaya ɓangaren tekun. Nansen ya ce, ashe ƙanƙarar tafiya take yi, kuma abin da ya kawo tarkace zai iya kawo jirgi. Sai ya sa aka ƙera masa jirgi mai suna Fram, mai zagayayyen ciki kamar ƙwarya, yadda idan ƙanƙara ta matse shi zai suɓuce sama, kamar yadda jiƙaƙƙen sabulu ke suɓucewa daga hannu. Jirgin ya shiga ƙanƙara a 1893, bai fito ba sai 1896. Mutane da yawa sun ɗauka ganganci ne, amma hasashensa ya tabbata.

Bayan shekara 126 aka maimaita wannan tafiya da kayan aikin zamani. Ranar 20 ga Satumba, 2019, jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya tashi daga garin Tromso na Norwe. Jirgi ne mai fasa ƙanƙara, tsawonsa mita 118, wato ya ɗara filin ƙwallo tsawo. Cibiyar Alfred Wegener da ke Bremerhaven ce ke kula da shi. An sa wa aikin suna MOSAiC, kuma wani masanin yanayi, Markus Rex, shi ya jagorance shi. Ranar 4 ga Oktoba suka ɗaure jirgin a jikin wani faifan ƙanƙara mai faɗin kilomita biyu da rabi da tsawon kilomita uku da rabi, a wajen layi na 85. Daga nan ƙanƙara ce direba.

Me ya kai su? A lokacin sanyi kusan babu jirgin da ke iya kutsawa tsakiyar wannan teku, saboda haka yawancin abin da aka auna a can, a lokacin zafi aka auna shi. Kamar a ce mutum yana son sanin yanayin Sakkwato, amma bai taɓa zuwa ba sai a watan Agusta. Bai san hunturu ba, bai san zafin bazara ba. Masanan suna son ganin shekara guda cif, daga daskarewar ƙanƙara har narkewarta.

Rayuwa a kan faifan ƙanƙara

Ɗaruruwan mutane daga ƙasashe 20 ne suka yi aikin, rukuni bayan rukuni, wasu jiragen suna kawo musu abinci da mai da sababbin ma'aikata. A kan ƙanƙarar suka kafa ƙaramin gari, da hanyoyi da wayoyin lantarki. Akwai unguwar masu auna iska, akwai ta masu auna ruwa, waɗanda suka huda rami suna zura na'urori cikin teku. Sau huɗu a kowace rana ana sakin balan-balan ɗauke da na'ura, tana aiko da bayanin zafi da damshi da iskar sama. Wasu suna haƙo sandunan ƙanƙara suna yankawa, suna duba gishiri da ƙananan halittun da ke ciki.

Sun yi kusan wata biyar ba su ga rana ba. Dalili shi ne duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, don haka a rabin shekara Ƙuryar Arewa tana juya wa rana baya. Sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili. Ku tuna yadda muke kakkarwa idan hunturu ya sauko da ma'auni zuwa digiri 12, sannan ku yi lissafin tazarar. Ga kuma farin beyar, wata ƙatuwar dabba mai cin nama da ke yawo a kan ƙanƙara. Duk inda ake aiki sai an sa mai gadi, idan dabbar ta matso a kore ta, kowa ya koma jirgi. A watan Nuwamba guguwa ta tsaga ƙanƙarar, ta raba sansanin, aka sake jan wayoyi da gyara kaya a cikin duhu.

Sai ga annobar korona a 2020. Aka rufe filayen jiragen sama, shirin sauya ma'aikata ya wargaje, wasu suka yi makonni fiye da wa'adinsu. Dole Polarstern ya bar faifan na ɗan lokaci, ya je tsibiran Svalbard ya haɗu da wasu jiragen Jamus biyu, sannan ya dawo. A ƙarshen Yuli 2020 faifan ya farfashe a mashigin Fram, gabas da Girinlan, bayan tafiyar kusan kilomita 3,400 ta karkace-karkace. Jirgin ya sake nausawa arewa, ya kai Ƙuryar Arewa ranar 19 ga Agusta, kuma ƙanƙarar da ya tarar a hanya ta yi laushi, duk tafkunan narkakken ruwa a kanta. Ranar 12 ga Oktoba, 2020 ya isa gida Bremerhaven, bayan kwana 389.

Abin da ake gudu

Tun 1979 taurarin ɗan'adam suke auna faɗin ƙanƙarar Aktik. A shekarun 1980, idan Satumba ta zo, akan samu kusan murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumbar 2020 ba ta kai miliyan 4 ba, kuma a 2012 ta sauka har wajen miliyan 3.4. Faɗin Nijeriya bai cika murabba'in kilomita miliyan 1 ba. Ke nan abin da ya ragu ya fi Nijeriya sau uku.

Ga yadda abin yake aiki. Kun san bambancin farar riga da baƙa a tsakar rana. Ƙanƙara fara ce, tana mayar da fiye da rabin hasken rana sama, idan da sabuwar dusar ƙanƙara a kanta ma ta mayar da kusan duka. Ruwan teku kuwa duhu gare shi, yana shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken. Hayaƙin mai da gawayi da iskar gas da duniya ke ƙonawa yana riƙe zafi, zafin ya narkar da ƙanƙara, ruwa ya bayyana, ruwan ya ƙara shan zafi, wata ƙanƙarar ta sake narkewa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa yankin Aktik ke ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya baki ɗaya.

A nan akwai wurin da ɗalibai kan yi kuskure a jarrabawa. Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku, idan ta narke, kusan ba ta ƙara wa teku tsawo, domin dama a cikinsa take. Wadda ke kan tudu, irin ta Girinlan da Antaktika, ita ce mai ƙara shi. Da ta Girinlan za ta narke duka, da teku ya tashi da kusan mita 7. Ba abu ne na yau ko gobe ba, amma daga 1900 zuwa yanzu teku ya riga ya tashi da kusan santimita 20, kuma biranen bakin teku irin su Legas suna cikin waɗanda abin zai fi shafa.

To, ina ruwanmu?

Ruwanmu na nan, domin daga teku yake zuwa. Iskar damina tana tasowa ne daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ta ɗauko damshi ta kawo mana. Idan ta yi ƙarfi ta kai har Damagaram da Tawa, gero ya yi kyau. Idan ta yi rauni ta tsaya a kudu, shuka ta bushe.

Ku tambayi kakanninku labarin farin 1973 da na 1984. Dabbobi sun mutu, mutane sun bar garuruwansu. Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980. Da farko masana da yawa sun ɗora laifin a kan manoma da makiyaya, suka ce sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kori ruwa. Daga baya, binciken da aka wallafa a 1986 da kuma 2003 ya nuna cewa babban dalilin yana cikin teku. A waɗancan shekaru ruwan arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da na kudu da sauran tekunan yankin zafi, sai layin hadari ya ja baya zuwa kudu. Wannan bai wanke mai sare itace ba. Amma ya koya mana cewa masani na gaskiya yakan canza magana idan awo ya nuna masa kuskurensa.

Yanzu ku haɗa zaren. A cikin Atlantika akwai wata babbar igiyar ruwa da ke ɗaukar ruwa mai ɗumi zuwa arewa. A kusa da Girinlan ruwan yakan huce, ya yi nauyi saboda sanyi da gishiri, ya nutse, ya dawo kudu ta ƙasa. Narkakkiyar ƙanƙarar Girinlan ba ta da gishiri, ba ta da nauyin da za ta nutse, don haka idan ta yi yawa tana iya rage wa igiyar ƙarfi. Idan igiyar ta yi rauni, arewacin Atlantika zai huce, kuma mun riga mun ga abin da hakan ke yi wa damina. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya yi wannan lissafi a kwamfuta, ya nuna cewa narkewar Girinlan da sauri tana iya rage ruwan Sahel ƙwarai. Wasu lissafan kuma suna nuna ƙarin ruwan sama mai ƙarfi da ambaliya yayin da duniya ke ɗumama. Ko wanne ne ya rinjaya, manomin Katsina da makiyayin Maraɗi suna bukatar a sanar da su da wuri, kuma hasashe ba ya inganta sai da awo.

Shi ya sa ake auna teku dare da rana. Tun 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suke kula da wasu na'urori da aka girke a tsakiyar Atlantika, har da mashigin tekun Gini da ke kudu da mu, a ƙarƙashin shirin PIRATA. Akwai kuma shirin Argo, mai na'urori kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya. Kowace takan nutse har mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan'adam, sannan ta sake nutsewa, duk kwana goma.

Yara ma suna ciki

Abin da ya fi burge mu shi ne masanan ba su ɓoye aikinsu a ɗakin bincike ba. Jirgin Rasha mai suna Akademik Fedorov, wanda ya raka Polarstern a farkon tafiyar, ya ɗauki ɗaliban jami'a 20 da malaman makaranta, don su gani da ido su koma su koyar. A tsawon shekarar, ɗalibai daga makarantu daban-daban suna aika tambayoyi, masanan suna amsawa, ana kuma aika wa malamai darasi kowane mako tare da bayanin inda jirgin ya kai.

Akwai wani shiri kuma da yara ke yi wa ƙananan jiragen katako ado, kowane bai fi tafin hannu da kaɗan ba, a buga masa lamba. Jiragen fasa ƙanƙara sukan ajiye su a kan ƙanƙarar Aktik kusa da na'urar da ke nuna inda take, yaran suna bin tafiyarsu a taswira. An tsinci wasu a gaɓar Norwe bayan doguwar tafiya, irin yadda aka tsinci tarkacen Jeannette. A Faransa kuwa, masanan teku na garin Villefranche suna ba aji guda riƙon na'urar Argo ɗaya. Yaran su raɗa mata suna, su riƙa duba alƙaluman da take aikowa suna zana jadawali.

Kada ku ce wannan sai 'ya'yan Turawa. An buɗe bayanan MOSAiC ga kowa tun 2023, na Argo ma kyauta ne a intanet. Sannan Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin auna yanayi, wato giɓin da ya fi girma yana ƙofar gidanmu. Wanda ya je ƙuryar duniya da wanda ya tsaya a filin makaranta aiki ɗaya suke yi: a auna da kyau, a rubuta gaskiya, a maimaita gobe.

Aikin wannan mako

Na farko, ku samu kofuna biyu masu nuna abin da ke ciki. A ɗaya ku zuba ruwa, ku saka ƙanƙara ta yi yawo a kai. A ɗayan ku saka dutse, ku zuba ruwa kada ya rufe shi, ku ɗora ƙanƙara a kan dutsen. Ku yi alama a inda ruwa ya tsaya a kowane kofi, ku jira ta narke. Kofin farko shi ne Tekun Aktik, na biyu Girinlan.

Na biyu, ku cika gwangwanaye biyu iri ɗaya da ruwa daidai wa daida, ku naɗe ɗaya da farin ƙyalle, ɗaya da baƙi, ku ajiye su a rana na awa biyu. Ku auna da ma'aunin zafi na ɗakin gwaji, idan babu ku taɓa da yatsa.

Na uku shi ne babba, kuma na aji ne gaba ɗaya. Ku samu gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, ku yanke samanta, ku kifa shi a ciki ya zama mazurari. Ku zuba tsakuwa a ƙasa don kada iska ta kayar da ita, ku zuba ruwa ya rufe tsakuwar, wannan layin shi ne sifili. Ku manna rula a jiki, ku ajiye ta a fili nesa da bango da itace. Kowace safiya a lokaci ɗaya, mutum ɗaya ya karanta milimita nawa aka samu, ya rubuta a littafi da kwanan wata, a mayar da ruwan kan sifili. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, domin ita ma sakamako ce. Kada wanda ya makara ya ƙirƙiro lamba. Gara a bar gurbi da a rubuta ƙarya, don lamba ɗaya ta ƙarya tana ɓata littafin duka.

Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Idan rufin ajinku mita 10 ne da mita 8, aka yi ruwan milimita 20, to lita 1,600 ce ta sauka a kansa, wato jarka 64 mai cin lita 25. Ga tambayarmu: idan a wata guda littafinku ya nuna milimita 150, jarka nawa ke nan daga wannan rufi?

Da yayyafi kogi kan cika. Idan kowane aji ya miƙa littafin ga na bayansa, nan da shekara goma makarantarku za ta mallaki tarihin daminar garinku a rubuce, abin da wataƙila babu wanda ya taɓa tarawa. Ku aiko mana da amsarku da sakamakon gwajinku ta hannun malamin kimiyya, tare da sunan makaranta da aji, za mu buga waɗanda suka fi tsari.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.